Willis Carrier, ɗan manomin da ya koya wa duniya sanyaya ɗaki

A filin tarihi na yau mun ɗauko muku rayuwar wani Ba'amurke wanda ya bar duniya tun 1950, amma har gobe aikinsa yana nan cikin shagunanku da ɗakunan kwananku. Sunansa Willis Haviland Carrier. Shi ne ake ɗauka uban na'urar sanyaya ɗaki, wadda mu nan Nijar muke ce wa kilim, ƴan uwanmu na Najeriya kuma suke kira esi ko iyakwandishan.

Akwai dalilin da ya sa na nemo tarihinsa. Wata shekara ana tsakiyar bazara, kilim ɗin ɗakin da muke karanta labarai a gidan rediyo ya daina ba da sanyi. Da muka ɗaga murfinsa sai ga ƙanƙara fara fat ta lulluɓe cikinsa. Wani abokin aikinmu har murna ya yi, don a ganinsa injin da ke haɗa ƙanƙara cikin watan Afrilu ba ƙaramin inji ba ne. Muka bar shi yana ta aiki. Ba a daɗe ba kwampiresa ta ƙone, muka yi makonni muna karatu gumi na ɗiga bisa takarda. Daga baya na lura irin wannan kuskure ya yi yawa a kasuwa, inda wani mai saida tsohon kilim kan nuna wa mai saye ƙanƙarar da ta fito a bututu a matsayin shaidar ƙarfi. Wanda ya san abin da Carrier ya gano ba za a yi masa wannan ciniki ba.

Yaron gona

An haifi Willis ranar 26 ga watan Nuwamba 1876 a Angola. Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar Angola ta nan Afirka ce. Wani ɗan ƙaramin gari ne cikin jihar Niyok ta Amurka, kusa da tabkin Erie, inda dusar ƙanƙara ke rufe gonaki watanni da dama a kowace shekara. Abin mamaki, mutumin da zai yi wa zafi magani a ƙasar sanyi ya tashi.

Mahaifinsa Duane manomi ne, kuma Willis shi kaɗai suka haifa. Mahaifiyarsa Elizabeth mace ce mai basira, wadda ke gyara agogo da keken ɗinki da hannunta. Ana ba da labarin cewa sa'ad da yake yaro lissafin rabi da sulusi da rubu'i ya gagare shi a makaranta. Sai ta aike shi ya ɗebo tuffa, ta sa ya yi ta yankawa gida biyu, gida huɗu, gida takwas, yana haɗawa yana ragewa, har ya gane da idonsa. Tun daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a da bai rabu da ita ba har mutuwa: duk matsalar da ta yi masa girma, sai ya yanka ta ƙanana-ƙanana har ya ga kanta. Mahaifiyar ta rasu yana da shekara 11.

Ya tashi yana tatsar shanu da aikin gona kafin ya tafi makaranta. A 1897 ya ci jarrabawar samun tallafin karatu, ya shiga jami'ar Cornell. Tallafin bai isa ci da sha ba, saboda haka ya riƙa yanke wa mutane ciyawa, yana hura musu wutar ɗumama gida, har ma suka buɗe sana'ar wankin tufafin ɗalibai shi da wani abokinsa. A 1901 ya fito da digirin injiniya.

Takardar da ke kumbura

Aikinsa na farko a kamfanin Buffalo Forge ne, a birnin Buffalo, kan albashin dalar Amurka 10 a mako. Kamfanin fankoki yake ƙerawa da na'urorin ɗumama wuri da na busar da katako da kofi. Nan saurayin ya tarar injiniyoyi da ƙiyasi suke aiki: in ba su tabbata ba sai su ƙara girman inji, a yi ta asarar ƙarfe da gawayi. Shi kuwa ya zauna ya auna daidai yawan zafin da iska ke ɗauka idan ta ratsa bututu mai zafi, ya tsara jadawali. Wannan ya rage wa kamfanin asara mai yawa, aka ba shi shugabancin sashen gwaje-gwaje.

A 1902 wata maɗaba'a mai suna Sackett-Wilhelms da ke Brooklyn, cikin birnin Niyok, ta kawo kuka. Suna buga wata mujalla mai hotuna masu launi, kuma a wancan zamani kowane launi daban ake buga shi, takarda ɗaya ta shiga inji har sau huɗu. Lokacin zafi iskar birnin cike take da laima. Takarda ta sha laima ta kumbura yau, gobe ta bushe ta tsuke, sai launin ja ya sauka inda bai kamata ba, hoto ya ɓaci, tawada ta ƙi bushewa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye gishiri ko sukari ko siminti cikin damina ya san irin wannan ɓarna.

Ranar 17 ga watan Yuli 1902, yana da shekara 25, Carrier ya kammala zanen maganin matsalar. Dabarar ita ce ya juya aikin na'urar ɗumama wuri: maimakon tururi mai zafi, sai a tura ruwa mai sanyi cikin bututu, fanka ta koro iskar ɗaki ta bi ta kansu. Laimar da ke cikin iska sai ta kwanta a jikin bututun ta zama ɗigon ruwa ta tsiyaye, iska ta koma ɗaki a bushe. Abin da ake nema shi ne laima ta tsaya kan kashi 55 cikin 100 rani da damina. Wannan rana ita ake lissafawa ranar haihuwar na'urar sanyaya ɗaki ta zamani.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura. Ba don jin daɗin ɗan Adam aka ƙera kilim na farko ba, don takarda aka ƙera shi. Kuma ba zafi aka fara yaƙa ba, laima ce. Sanyin daga baya ya biyo, kamar gyara bayan awo.

Darasin hazo

Na'urar farko ba ta gamsar da shi sosai ba. Wata rana yana jiran jirgin ƙasa a tashar birnin Pittsburgh, hazo ya rufe ko'ina. Ba irin hazonmu na hunturu mai ƙura ba, hazo ne na raɓa mai jiƙa tufafi. Yana kallonsa sai ya gane cewa iska tana da iyakar ruwan da za ta iya riƙewa, kuma sanyinta ko zafinta ne ke yanke wannan iyaka. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar wajen giram 30 na ruwa a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, amma in ta sauko digiri 10 abin da za ta riƙe bai kai giram 10 ba. Sauran dole ta zubar. Shi ya sa kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi idan aka fito da ita daga firiji: ruwan ba daga cikin kwalba ya fito ba, iska ce ta sauke kayanta a jikinta.

Daga nan ya fito da abin da mutane suka ɗauka wasa ne: busar da iska da ruwa. Idan aka fesa wa iska ruwa mai sanyi ƙwarai, sai ta yi sanyi ta zubar da laimarta cikin feshin. Ranar 2 ga watan Janairu 1906 hukumar Amurka ta ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira. Masaƙun auduga na kudancin Amurka suka yi rububinta, don zare yana tsinkewa in iska ta bushe da yawa. A 1907 har an kai irinta wata masaƙar siliki a ƙasar Japan. A watan Disamba 1911 ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka lissafin da ya haɗa zafin iska da laimarta da matakin da raɓa ke fara sauka. Har yanzu bisa wannan tushe ake koyar da masu wannan sana'a.

Mutum bakwai, jari ɗaya

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, kamfanin Buffalo Forge ya yanke shawarar rufe sashen da Carrier ke jagoranta. Ga shi da ilmi, ga shi babu wurin aiki. Sai shi da abokan aikinsa shida suka tattara abin da suka ɗan ajiye, ya kama dala 32,600, suka kafa kamfaninsu ranar 26 ga watan Yuni 1915, mai suna Carrier Engineering Corporation. Cikinsu akwai Irvine Lyle, gwanin ciniki. Carrier ya san inji amma ba ɗan kasuwa ba ne. Mantuwarsa ma ta yi suna, har ana ba da labarin ya taɓa shiga jirgin ƙasa ya manta garin da za shi. Lyle ke nemo masu saye, shi kuma yana ƙira. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Injunan sanyi na lokacin manya ne ƙwarai, kuma da iskar amoniya suke aiki, mai guba, wadda in ta tsiyaye cikin taron jama'a sai a yi asarar rai. A 1922 Carrier ya fito da sabon inji mai kwampiresa mai juyawa kamar fanka, wanda ya fi ƙanƙanta, ba ya kuma amfani da amoniya. Don ya tabbata injiniyoyi sun zo kallo a birnin Newark, sai aka haɗa musu da liyafa da wasan dambe, suka ci abinci cikin sanyin sabon injin.

Wannan inji shi ya fito da kilim daga masana'anta ya kai shi cikin mutane. A 1924 babban kantin Hudson na birnin Detroit ya saka shi a sashensa na ƙarƙashin ƙasa, inda a da masu saye kan suma don zafi da cunkoso ranar da aka karya farashi. Nan da nan ƴan kasuwa suka gane cewa mai saye in ya ji sanyi ba ya gaggawar fita. A 1925 aka saka shi a gidan silima na Rivoli a Niyok. Ranar buɗewa mutane sun shigo da mafitai a hannu, kafin a yi nisa kowa ya aje nasa. A 1928 ya shiga zauren majalisar wakilan Amurka, a 1929 na majalisar dattawa. Cikin shekarun 1930 har ramin haƙar zinariya na Robinson Deep, a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, kamfanin ya sanyaya.

Ba kullum kasuwa ta yi daɗi ba. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta girgiza su. A 1930 suka haɗe da wasu kamfanoni biyu, a 1937 kuma suka ƙaura zuwa birnin Syracuse. Na'urar gida da suka fito da ita a wannan tsakani ba ta karɓu ba, don tsada da girma. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ba shi aikin da shi kansa ya fi alfahari da shi: sanyaya wani ƙaton ramin iska a birnin Cleveland, inda ake gwada injin jirgin sama cikin irin sanyin can sama. Injunan nasa ne kuma suka riƙa ba da sanyi a wani ramin na kusa, inda da gangan ake sa ƙanƙara ta taru a fiffiken jirgi don a koyi maganinta.

Ya yi aure sau uku, matansa biyu na farko suka riga shi rasuwa. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya riƙi yara maza biyu. Bayan fama da ciwon zuciya ya rasu a Niyok ranar 7 ga watan Oktoba 1950, yana da shekara 73, aka binne shi a Buffalo. Ya bar takardun mallakar ƙirƙira sama da 80. Bai ga cikar abin da ya shuka ba: shekara uku bayan rasuwarsa, a 1953, an saida ƙananan kilim na taga fiye da miliyan ɗaya a Amurka. Irin mai gida biyu kuwa, rabi cikin ɗaki rabi waje, wanda ya cika kasuwanninmu, kamfanonin Japan ne suka yaɗa shi tun daga shekarun 1960.

To, me ke kawo ƙanƙara?

Kilim ɗin da ke shagonka a Maraɗi ko Jibiya, Ƙonni ko Illela, kowane kamfani ya ƙera shi, aikin maɗaba'ar Brooklyn yake maimaitawa. Bambancin kawai, gas ne ke bin bututun jan ƙarfe a madadin ruwa. Fanka na jawo iskar ɗaki mai zafi ta ratsa bututun, gas ya kwashe zafin ya kai waje, laima ta zama ruwa ta fita ta tiyo. An tsara bututun ya yi sanyi amma ya tsaya sama da digiri sifili kaɗan, kuma zafin iskar ɗakin ne ke riƙe shi a nan. Duk abin da ya ɓata wannan ma'auni, bututu ya faɗa ƙasa da sifili, ruwan da ya kamata ya tsiyaye sai ya daskare. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanyar iska, rashin iska ya ƙara ƙanƙara.

Babban dalili a ƙasarmu shi ne ƙura. Ragar nan da ke bayan murfi, wato filta, hunturu ɗaya ya isa ya maida ta kamar bargo. Haka ma in datti ya liƙe a jikin bututun, ko fanka ta yi rauni, ko wutar lantarki ta yi ƙasa fanka ba ta juyawa sosai, ko an jera katon da bandir na atamfa har sun tare bakin na'urar. Dalili na biyu shi ne ƙarancin gas. Mutane da yawa na mamakin yadda rashin gas zai kawo ƙanƙara. To, idan gas ya ragu matsinsa na raguwa, ɗan abin da ya saura kuma sai ya yi sanyi fiye da kima a farkon bututun. Na uku shi ne kunna kilim a daren ɗari, a kafe shi kan 16 alhali iskar waje ita ma ta yi sanyi.

Haɗarin shi ne, in ƙanƙara ta rufe bututu, gas ba ya samun zafin da zai maida shi tururi, sai ya koma wa kwampiresa yana ruwa-ruwa. Kwampiresa kuwa tururi aka yi ta ta matsa, ba ruwa ba. Ita ce mafi tsada a jikin injin, kuma ita ce muka rasa a gidan rediyo.

In ka ga ƙanƙara, kashe sanyin nan take, ka bar fanka kaɗai tana juyawa har ta narke da kanta, ka tara bokiti. Kada ka sa wuƙa ko sukundireba, don bututun ba shi da kauri, huda ɗaya gas ya tafi. Ka cire raga ka wanke da ruwa, ta bushe a inuwa kafin ka mayar. A riƙa yin haka duk mako biyu, lokacin ƙura ma duk mako. A bar wa na'urar fili gaba da sama, a duba tiyon ruwa kada ya toshe, a aje ma'auni tsakanin 24 da 26, wanda kuma ke rage kuɗin wuta. Inda wuta ke hawa da sauka a haɗa masa na'urar daidaita wuta. Kafin bazara ta kama, a kira mai gyara ya wanke ciki da waje.

In an yi duk wannan ƙanƙara ta dawo, to, aikin mai gyara ne. Amma ka riƙe wannan: gas ɗin kilim ba kamar man mota ba ne, ba ya ƙarewa don aiki, zagayawa kawai yake yi. In ya ragu, akwai inda yake tsiyaya. Wanda ya ƙara maka gas bai nemo hudar ya toshe ba, zuba ruwa a kwando ya yi, kuma za ka sake biyansa.

Ga masu saro tsofaffin injuna kuma, a sa a kunna a gabanka, a bar shi ya ɗan jima. Inji mai lafiya babban bututunsa sanyi yake yi yana gumi, ruwa na ɗiga ta tiyo. Wanda ƙanƙara ta zauna a bututunsa ba ta tafi ba, yana da magana. A kuma karanta irin gas ɗin da aka rubuta a jikinsa. Tsofaffi da yawa da R22 suke aiki, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka tanadi a daina shi sannu a hankali, a ƙasashe irin namu zuwa 2030, don yana lalata rufin sama da ke kare mu daga kaifin rana. Sababbi R410A ko R32 suke sha, kuma ba a zuba wa inji gas ɗin da ba nasa ba. Araha dai ba ta ado.

Carrier ya yi kusan shekara 50 yana nuna cewa wannan na'ura da iska take rayuwa. Yaron da aka koya wa lissafi da yankan tuffa bai taɓa yarda da ƙiyasi ba, sai ya auna. Mu ma kafin mu zargi kamfani ko mai gyara ko wanda ya saida mana, mu fara ɗaga murfi mu dubi raga. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai mu bazara lafiya.